Ledar da Hajiya Ta Bari

Da ƙarfe huɗu na yammacin wata Laraba na gaishe ta, daga nan al'amarin ya ɓaci. Lokacin ina shekarar farko a jami'a, ina taimakawa a wani wurin rabon abinci kyauta a unguwar Ardwick. Ana yayyafi, tagogi sun yi raɓa, mutanen layi suna matsowa kamar a mafarki. A cikinsu na hango Hajiya, ƙawar Umma, wadda duk Sallah muke cika falonta a unguwar Perry Barr ta Birmingham muna cin waina, kafin mijinta ya rasu ta bar Birmingham.

Na rusuna yadda aka koya mini. "Hajiya, ina wuni?"

Ta ajiye ledar abincinta ta fita, ba ta sake dawowa ba.

Da ƙyar na gano gidanta a unguwar Withington na kai mata ledar. Ta karɓa, ta dafa taliya da waken gwangwani, ta cika mini faranti.

"Hajiya, in Umma ta tambaya, me zan ce?"



"Ki ce mata kin ci abinci a gidana."