Alƙiblar Inna Asibi

Kakata ta wajen uba, Inna Asibi, ba ta taɓa barin garinmu Paki na tsawon wata guda ba. Nan aka haife ta, nan ta yi aure, nan ta tsufa tana suyar ƙuli-ƙuli har hayaƙi ya cinye mata idanu. Yanzu in ka tsaya a gabanta inuwa kawai take gani, sai ka yi magana ta ce, "Uwaisu ne? Miji ba cefane." Ni ne Uwaisun, kuma tun ina yaro take yi mini wannan gorin.

Abin da ke faranta mata rai bai taka kara ya karya ba. Koko mai zafi da safe, ɓarin goro da take dakawa tunda haƙora sun yi sallama, sai hantsi ya daki bayanta. In ta samu waɗannan za ka ji godiya kamar an ba ta kujerar Makka. Takan ce Allah ya gama mata komai, ta aurar da 'ya'ya, ta ga jikoki, kuma har yau da ƙafafunta take tsayuwar salla. Wannan na ƙarshen shi ne abin tinƙahonta.

Bara ruwan sama ya zubar da bangon ɗakinta na ƙasa. Babana, Saminu, ya sa aka gina mata na bulo. Magini ya ce ranar yamma na dukan tsohuwar ƙofa, ya mayar da ita kudu, kowa ya yaba masa. Gida cike da masu ido, amma ba wanda ya tuna cewa Inna ba da ido take gane gabas ba. Abin da ta sani tun tana amarya shi ne ta shiga ɗaki, ta ba ƙofa baya, ta kabbara. Haka ta ci gaba da yi a sabon ɗaki, labule a sake, fuskarta na kallon arewa.

Tun ana yankan gero ake haka, har rake ya cika kasuwar Makarfi. Sai da ƙanwarta Juwairiyya ta zo ganin ta daga Kudan, suka tashi yin azahar tare.

"Yaya, ina kuma kika dosa?" in ji Juwairiyya. "Nan ai arewa ne."

"Ke dai da rigima. Ba ga ƙofa a bayana ba?"

"Ƙofar ce aka juya, Yaya."

Ina tsakar gida na ji salatin Inna, na shiga da gudu na tarar da ita zaune daɓas a kan darduma. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, domin Inna ba ta barin ta kwana. A hankali ta ce, "To sallolina na wata da watanni ina suka tafi? Addu'ar da nake yi wa Malam Gambo fa?" Malam Gambo mijinta ne, kakana, ya daɗe da rasuwa, kuma ba ta taɓa sallame salla ba ta nema masa gafara ba.

Daga ranar ta daina cin abin kirki. Ta ce sai ta rama duka kafin mutuwa ta riske ta. Tana idar da wannan ta tayar da waccan, lissafi ya kuɓuce mata ta sake daga farko, har gwiwoyinta suka kumbura. Babana ya rasa inda zai sa kansa, ya ce gobe zai sa a fasa bangon a mayar da ƙofa inda take. Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, fasa bango ai ba zai dawo da abin da ya wuce ba, malami ya kamata a kira." Ya harare ni, amma ya ce in je.

Da hantsi na zo da limamin unguwarmu, Malam Iliyasu. Ya tsuguna a bakin ƙofa, suka gaisa har suka tambayi lafiyar awaki, ni kuwa kamar in ce su taƙaita. Sannan Inna ta zayyana masa komai.

"Inna, da kika tsaya, a zuciyarki ina kike fuskanta?"

"Gabas mana, Malam. Ina zan fuskanta?"

"To ba ki da laifi. Wanda ya yi kuskuren alƙibla cikin rashin sani, sallar da lokacinta bai fita ba ita ake so ya sake. Waɗanda suka wuce sun wuce, babu ramuwa a kanki. Allah ya karɓa."

Ta matso da kunnenta. "Addu'ar mai gidana fa?"

"Wanda kika roƙa yana jin ki duk inda kika juya, Inna. Bango ba ya tare shi."

Sai ta fashe da kuka, irin na wanda aka sauke wa kaya bayan doguwar tafiya. Juwairiyya na kuka, babana ya juya baya yana gyaran hula. Inna ta goge fuska da gefen mayafi tana ta "Alhamdulillahi, ashe ta same shi, ashe ta same shi."

Liman bai gama fita zaure ba ta miƙo mini hannu. Na ce ta huta, gwiwoyin nan sun ji jiki. Ta ce wannan ba ramuwa ba ce, raka'a biyu ce ta godiya, kuma a tsaye za ta yi ta.

"Zo ka juya ni, Uwaisu."

Na dafa kafaɗunta, na ji yadda ta rame a 'yan kwanakin nan, na juya ta gabas a hankali. Ta gyara tsayuwa, ta ɗaga hannu, ta yi kabbarar da har na tsakar gida sai da suka ji.