Dila Biyu, Rabi da Rabi

Yayata gwanjo take sayarwa, shekara tara ke nan, a rumfa ta uku daga ƙofar kasuwa. In ba ku san harkar ba, dila a ɗaure ake sayenta, an matse ta da ƙarfe, ba buɗewa sai ka biya. Wata ka yanka ka ga riguna kamar daga shago, wata kuma tsummokara da safa wari-wari. Wani shinshinawa yake kafin ya zaɓa, wani ya kai mata naushi ya kasa kunne. Duk burga ce, wallahi ba wanda ya san abin da ke ciki.

Bana dila uku a jere suka kwantar da Yaya. Jarin da ya rage na guda ɗaya ne tak. In ita ma ta fito tsumma, rumfa ta tafi.

Mijinta ya ce, "Ai bayan uku, ta huɗu dole ta yi kyau."

Ta ce, "Dilar ta san na sayi uku ne? Ita ta gaya maka?"

Ta sayo, ta ƙi yankawa. Ta ja ni muka tsallaka layi wajen Mai Tabarau, matar da suka shekara biyu ko gaisuwa babu tun da suka yi faɗa kan mai saye. Ita ma tata sabuwar dilar tana jingine.

Yaya ta ce, "Maƙwabciya, mu haɗa. A yanka duka biyun, a raba komai biyu, mai kyau da marar kyau."

Mai Tabarau ta leƙo ta saman gilashi. "Ke da bana ko ruwa kika taɓa sai ya ƙone? In tawa ce mai kyau fa?"

"In tawa ce fa? Kin leƙa ne?"

Matar ta daɗe tana kallon dilarta, sannan ta miƙo almakashi.

Tata aka fara yankawa: labulaye yagaggu da wanduna marasa zif. Aka yanka ta Yaya. Jama'a! Rigunan sanyi na yara, wasu ko takardar shago ba a cire musu ba.

Na matso kunnenta. "Yaya, ki fasa! Ai ba a rubuta ba."

"Rufe min baki, kama nan."

Ɗaya nan, ɗaya can, har ta ƙarshe. Yagaggun labulayen ma Yaya ta kwashi rabinta.

A hanya ina ta mita, na ce ta zubar da sa'ar da ta jira wata huɗu. Ta sauke ƙullin daga kanta ta kalle ni.

"Auta, da safe kin san wacce ce mai kyau? Ni ban sani ba. Ba arziki na fita nema yau ba, so nake gobe in buɗe rumfa. Rabin nan ya isa."

Ta mayar da kaya kai. "Jibi ki raka ni wajen ta rumfa ta bakwai. Mu uku zai fi."