Audugar da Aka Hana Ruwa

A Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarabawa, aka haife ni, kuma har na shekara ashirin da biyu ban taɓa ganin auduga a tsaye ba, sai dai a cikin matashin kai. Amma ranar da na je neman aiki a gonar gwaji da ke bayan gari, malamin gona, wani Bayarabe mai gajeren wando da doguwar safa, yana jin ni Bahaushe ne ya ce, "Yauwa, ai ku ne masu auduga." Ban musa ba. Ya ɗauke ni. Oga muke ce masa.

A lokacin suna binciken noman auduga da rani, suna son su san kwana nawa take jure rashin ruwa. Da Oga ya ji muna da rijiya da ɗan fili a bayan gida, ya ce a yi gwaji guda a can. Muka raba filin fangali uku. Na farko a ba shi ruwa duk bayan kwana uku, na biyu mako-mako. Na uku kuwa, da zarar iri ya tsiro, ko ɗigo ba za a zuba ba sai ma'auni ya ce a zuba. Ma'aunin wani bututu ne da ake kafawa a ƙasa, da ɗan agogo mai allura guda a kansa. In ƙasa ta bushe, allurar ta hau.

Inna, mahaifiyata, tuwon shinkafa take yi wa fataken goro. Ta zo ta tsaya a kan abin, hannu a ƙugu.

"Kai, wannan agogon ƙarfe nawa ya ce?"

"Inna, ba lokaci yake faɗa ba. Ƙishin ƙasa yake faɗa."

"Ƙasar ce ta gaya masa? Kai ba ka da ido ne?"

Na yi mata bayani dalla-dalla, na roƙe ta kada kowa ya taɓa fangali na uku. Ta ce ita ina ruwanta.

Mako shida allurar nan ba ta motsa ba. Audugar da aka hana ruwa ta fi sauran tsayi, ganye shar. Oga yakan zo a kan basukur duk Asabar. Ya ƙwanƙwasa agogon, ya canza shi har sau biyu, ya tona ƙasa ya cika gwangwani ya tafi da ita. Daga baya ya yanke cewa ƙasar Sabo tana riƙe ruwa yadda bai taɓa gani ba, kuma lalle Baturen da ke shugabantar gonar ya zo ya gani. Ni kuwa har tafiyata ta canza. A ƙofar masallaci na gaya wa abokaina cewa za a sa filin gidanmu a littafi.

Ranar da Baturen ya zo, da hantsi muka iso, lokacin da kullum ina wurin aiki. Muka bi ta ƙofar baya. Ga Inna a tsugune gaban fangali na uku da ƙwaryar ruwan wankin shinkafa, tana tsiyayawa gindi-gindi tana cewa, "Ku sha, bayin Allah, kafin ya dawo."

Oga ya cire hularsa. Ya gaishe ta da Yarabanci, ya tambaya tun yaushe take ba su ruwa.

Ta amsa da Hausa, tana kallona: "Tun ranar da kuka fara wannan zalunci."

Baturen ya tambaye ni me ta ce. Na ce masa kuskure ne, sau ɗaya ne ko biyu. Inna ba ta jin Turanci, amma ta ga yatsu biyun da na ɗaga. Ta juya wajen Oga, ta gyara masa da Yarabanci tsaf: kullum ne, ƙwarya biyu, ranar zafi uku.

Oga ya nemi turmi ya zauna. Baturen ya yi dariya har ya dafa katanga. Da ya nutsu, ya sa a tambaye ta yadda take sanin ranar ƙarin. Ta tura yatsa cikin ƙasa, ta ɗaga ganye guda ta nuna masa yadda yake langwaɓewa kafin azahar. Ya rubuta. Oga ma ya rubuta, fuska a murtuke.

Aka soke gwajin, aka kwashe ma'aunin, aka bar wa Inna audugar. Ba a kore ni ba, sai dai na yi wata biyu ina cire ciyawa, kuma a ƙofar masallaci na sha tsiya. Da rani ya zagayo aka sake gwajin a can gonar gwaji, bayan shingen waya.

Duk yamma in na dawo, kafin ta miƙo min tuwo, sai ta tambaya, "Yau an ba su ruwa?" Ni kuma in ce an ba su.