Jinin Zabo a Shisanhang

Da damina, in an idar da sallar isha'i, mukan taru a ɗakin girkin Inna Dije, kowa da ƴan ƙirarensa, don ba a zuwa hirarta hannu rabbana. Ita ce kakata ta wajen uba. Takan jera masara a bakin murhu tana juyawa da yatsun da wuta ta daina yi musu komai, hayaƙi na sa mu hawaye amma ba mai tashi. Ni take kira mijinta, kuma ni take ba ƙonanniyar masara. In na yi ƙorafi sai ta ce, "Mijin da bai kawo cefane ba, ai ƙonanniya ma alfarma aka yi masa."

Yawanci Gizo da Ƙoƙi ne. Amma akwai labari ɗaya da in za ta fara shi takan ɗaga hannu. "Wannan kada wanda ya ce ta zo mu ji ta. Ta riga ta zo, a gidan nan ta kwana."

Labarin kakanta ne, Malam Tanko masaƙi, wanda ya bi fataken goro har ya zauna a Ikko, tun kafin Turawa su ci Kano. Wata rana wani dillali ya kawo masa Bature, suka ce ana gagarumin baje koli a ƙasarsu, inda kowace al'umma ke kai abin da ta fi gwanancewa a kai. Dillalin ya ce, "Malam, duniya za ta san hannunka." Ya yi murna, ya ɗinka sabuwar riga, ya ɗaure ƙoshiya da zarensa, ya shiga jirgin ruwa. Inna ba ta san sunan garin ba. Takan ce garin da ake yi wa gida rufin gilashi.

Da suka isa ya ga injuna masu numfashi da hayaƙi, ya ga rumfunan ƙasashe jere. Yana ta duba inda za a ba shi tasa, sai aka zagaya da su can baya, inda aka kafa bukkokin ciyawa a cikin shinge. Aka ce ya tuɓe riga, domin mutane sun biya kuɗi ne su ga mutanen daji, mai babbar riga kuwa bai yi kama da su ba. Ya tuɓe, amma ya ce rawani sai dai a cire da kansa. Haka ya yi watanni yana saƙa cikin sanyi, ga rawani ba riga. A nan mu yara mukan fashe da dariya, ita kuwa sai ta juya masararta har mu gama.

Kuskurensa, in ji ta, tarbiyya ce. Inda ya tashi, wanda ya tsaya a rumfarka ya yaba aikinka ba ya tafiya haka nan. Saboda haka duk wanda ya daɗe a bakin shinge sai ya yanko ƙyalle ya miƙa masa. Akwai wani mai tabarau da ke zuwa kullum yana shafa saƙar, yana bin zaren da farce. Malam Tanko ya ɗauka aboki ya yi, ya ba shi kowane irin zane da ya iya, ɗaya bayan ɗaya.

"Ya zaci baƙi ne," in ji Inna. "Baƙo sallama yake yi, mijina. Ɗan kallo kuɗin ƙofa yake biya."

Bayan ya dawo da ƴan shekaru aka sauke diloli a Ikko, sai ga zanensa, inji ya buga, ana sayarwa a kuɗin da ko zare ba zai saya masa ba. Ya tattara ya komo Kano. A nan ya ƙago sabon saƙi, baƙi da fari kamar jikin zabo, da siririn layin jan alharini yana ratsa shi, ya sa masa suna Jinin Zabo. Ya kafa doka: ba a kai shi kasuwa, ba a ba bare, ƴar gida kaɗai ake saƙa wa ranar da za a kai ta ɗakinta. Inna takan buɗe adakarta ta nuna mana nata daga nesa, don hannunmu duk toka ne. Daga nan ta ce a je a kwanta. In na ce ta manta ba ta yi ƙurunƙus ba, sai ta ce, "Kai ka ga ƙarshenta?"

Yau shekaruna da yawa ina zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin saro yadi. Bara na aurar da babbar ƴata Hadiza, Kawu Audu ya saƙa mata nata. Shi ne masaƙin da ya rage a danginmu, idonsa ma ya fara gajiya. A wajen bikin Alhaji Sule, maƙwabcina a kasuwa wanda muke haɗa kwantena, ya ja ni gefe ya ce in ara masa zanen kwana biyu. Na hana shi, na ba shi labarin Malam Tanko kaf. Ya ce, "Allah sarki," wayarsa a hannu.

Makon jiya ina ratsa layin Shisanhang, inda ake sarin tufafi masu araha, sai na ɗaga kai na ga Jinin Zabo a rataye, an yi dogayen riguna da shi. Na tsaya a bakin shagon. Mutanen nan da in ka nemi abu rabin amsarsu "meyo" ce, wato babu, da na nuna sai matar shagon ta washe baki. "Yo, yo, laoban!" Akwai, maigida. Ta shiga janyo su kala-kala, har da mai koren jini.

Na sami Alhaji Sule a gidan abincin da muke haɗuwa a nan Guangzhou, yana cin tuwo hankali kwance. Bai ma musa ba.

"Haba Alhaji, hoto ne fa kawai na ɗauka. In ban kawo ba wani zai kawo. Ai talla na yi muku, duniya za ta san hannun Kawu."

Na buɗe baki, sai na tuna kayana da ke jiran jirgi a filin jirgin Baiyun. Duk zanen kakannin wasu ne, kuma ban taɓa tambayar ko na wane ne ba. Na tashi na bar tuwon.

Raina a ɓace yake, kuma ban san wanda zan fi jin haushi ba. Malam Tanko dai yaudararsa aka yi, aka ɗauke shi, aka tuɓe shi. Mu ba wanda ya sa mu a shinge. Mu muke bin layin biza, mu biya kuɗin jirgi, mu kai ƙyallen da hannunmu har muna roƙon a yi mana ragi. Ina yaro na ɗauka Inna mantuwa take yi da ƙurunƙus. Kafin sallah Hadiza za ta ga zanen aurenta a jikin kowa a Kantin Kwari.

Jiya Kawu Audu ya kira ni, ya ce tunda ƙanwar Hadiza ta kusa, in taho masa da jan alharini.

"Ka samo mai kyau, ɗan nan," in ji shi. "Ka san ba na kasuwa ba ne."

Na ce, "To, Kawu."