Ranar da Jirgin Ƙanena Ya Tsaya a Tsibiri

Ƙanena mahauci ne, a Kasuwar Shanu ya koyi riƙe wuƙa. Rabo ya kai shi yankan nama a wani ƙaton jirgin ruwa mai yawo da masu shaƙatawa a tekun Karibiyan. Duk Alhamis jirgin kan tsaya a babban birnin wani tsibiri, baƙi su sauka sayen tsaraba, shi kuma ya zauna bakin tasha ya kira gida. Nan kaɗai wayarsa ke kamawa, nan kuma kaɗai ake samun jirgin sama.

A makon da nake faɗa, Inna ta kwana huɗu ko kunu ba ya wucewa. Ana la'asar a unguwarmu ta Dogo Nini a Potiskum ya kira, su can hantsi ne, ina jin kiɗa da hayaniyar 'yan talla a bayansa.

"Yaya, ya jikin Inna? In da tsanani ki faɗa mini. Shugabanmu ya ce sai in sauka yau."

Inna ta zuba mini ido daga kan katifa, ta girgiza kai. A gidanmu ba a tayar wa matafiyi da hankali, haka muka taso.

Na ce, "Da sauƙi."

Wayyo ni! Wane sauƙi? Matar da ko juyi sai an juya ta?

Bayan magariba numfashinta ya canza, ta soma kiran sunansa. Na fita tsakar gida ina danna waya. Ba ta shiga. Na aika saƙon murya ya fi goma, ina kuka, ina cewa ƙarya na yi, ka sauka, don Allah ka sauka. Har katanga na hau, kamar laifin sabis ɗin Potiskum ne. Ina! Jirgin ruwan ya riga ya ɗaga.

Ranar Asabar muka rasa ta.

Alhamis ta zagayo, gida cike da 'yan gaisuwa. Ashe yana sauka bai tsaya buɗe saƙo ba, kira kawai ya danna, har da bidiyo. Ya ɗago wani mayafi shuɗi mai zanen kifaye, yana dariya.

"Kai wa Inna ta gani, Yaya. Na yi ciniki kamar a Kasuwar Shanu." Sai ya kasa kunne. "Wai taron me ake a gidan?"

Na miƙa wa kawunmu wayar, na shige ɗaki.