Makullin Coci a Aljihun Rabaran Yunana

Wata rana aka tura Rabaran Yunana ƙasar Turai, kwas ɗin shugabancin ikilisiya na wata uku.

Shekara ashirin da shida yana jan ragamar majami'ar ƙauyensu. Shi ne mai wa'azi, shi ke raba Jibin Ubangiji, ko ƙararrawa ba a bugawa sai ya ɗaga kai. Mutumin kirki ne, amma irin masu ganin in ba hannunsu ba, abu ba zai yi kyau ba.

Ranar tafiya ya kulle ofishin coci, inda ake ajiye kayan Jibi da littattafan sujada, ya jefa makullin a aljihu.

Habila, mataimakinsa na shekara tara, ya raka shi tasha yana ta kallon aljihun. Rabaran ya ce masa, "Ku riƙa yin waƙoƙi da addu'a kawai, sauran sai na dawo."

A can Turai, burin Rabaran ɗaya ne: ya ga cocin da ya aiko Bature Mai Keke, ɗan mishan ɗin da ya yi wa mahaifinsa baftisma. Adireshin na nan a shafin farko na tsohon Littafi Mai Tsarkin mahaifin.

Ran wata Lahadi ya sa kwat ɗinsa, ya hau jirgin ƙasa, ya nemi wurin har ya samu.

Ginin na nan. Hasumiyar na nan.

Amma gidan cin abinci ne.

Inda bagadi yake a da, nan ake soya dankali.

Ya zauna a kujerar farko da ya samu, hawaye na zuba, bai ma damu da masu kallonsa ba.

Wata tsohuwar Baturiya da ke teburin kusa ta lura da Littafin da ke hannunsa. Ta ce nan ne daidai inda bencin iyayenta yake, shi ya sa kowace Lahadi take zuwa ta zauna ta sha shayi.

Ya tambaye ta, "Mama, wa ya kore ku? Gwamnati ce?"

Ta girgiza kai. "Ba wanda ya kore mu, ɗana. Fastonmu nagari ne, shekara arba'in komai shi ke yi. Matasa suka gaji da zama a benci, suka watse. Da ya rasu, ba ko ɗayanmu da ya san yadda ake buɗe sujada."

Rabaran ya sa hannu a aljihu zai ɗauko hankici.

Sai ya taɓo makullin.

Ya fita waje da sauri, ya kira Habila a waya.

"Habila, nemo kafinta ya ɓalle ƙofar ofis. Lahadi mai zuwa kai za ka yi wa'azi, kai za ka raba Jibi."

Habila ya amsa masa:

"Baba, ban iya ba. Ba ka taɓa nuna min ba. Kuma yau mu goma sha ɗaya ne a sujada."

Coci mai mutum sama da ɗari biyu! Mako biyar kacal da tafiyarsa.

Ya tsaya a bakin titin nan, a ƙasar da ba tasa ba, da makulli a tafin hannu, yana kuka kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya zo ganin abin da ya faru da cocin wasu, ashe nasa aka nuna masa.

Darasi: Shugaban da bai koya wa kowa aikinsa ba, da hannunsa yake rufe ƙofar da ya ƙare rayuwarsa yana tsaro. Ka miƙa makullin tun kana da ran nuna yadda ake buɗewa.

Tura wa fastonka, dattijon cocinku ko shugabar zumuntar mata. Wataƙila akwai wani Habila da ke zaune a benci yana jira.