Hankakin Valliammai

Valliammai ta yi shekara arba'in tana shanya kifi a rairayin bakin teku, a wani ƙauyen masunta kusa da Cuddalore, a kudancin Indiya. Mai wannan sana'a ba ta da abokin gaba kamar hankaka. Sauran mata sanda suke riƙewa, su wuni suna kora suna zagi. Ita kuwa kawunan kifi take watsa musu can gefe, su ci su bar mata shanyarta.

Shirinta da su ya fara ne shekarar da mijinta Kathavarayan ya fita da kwalekwale bai dawo ba. Ko gawa ba a samu ba. Tun daga nan kullum da safe sai ta dafa shinkafa, ta barbaɗa riɗi, ta dunƙula ta ajiye a kan katanga, ta tafa hannu. Ba ta sa komai a baki sai sun ci, don a wajenta cinsu alama ce mamacin ya karɓa. Ta san su ɗaya-ɗaya, baƙaƙe masu wuya ruwan toka. Akwai gurgu, akwai wata mai kan da ya soma sanƙo.

"Akka, surukanki sun sace mini wayar shanya," in ji maƙwabciyarta Anjalai, mai kiranta Akka, wato yaya, tana nuna hankakin.

"Gini suke yi. Ke da kika yi naki ɗakin, ba bulon mutane kika kwasa ba?"

Gaskiya ne, sheƙarsu da ke kan darbejiyar ƙofar gida rabinta tsinke ce, rabi waya da zaren koma. Duk shekara suna saka ƙwai huɗu ko biyar, kore-kore masu ɗigon ƙasa-ƙasa.

A wata bazara iska ta karya reshen. Da Valliammai ta fito ta tarar 'ya'yan hankakin uku sun mutu, ɗaya yana motsi, bakinsa ja a buɗe, ga karen unguwa yana matsowa.

"Kada ki taɓa shi, Akka," Anjalai ta ce. "Ba sa yafewa."

"To in tsaya kare ya cinye shi ina kallo?"

Ta naɗe shi a gefen zanenta ta shiga ɗaki. Ta yi ta ɗura masa jiƙaƙƙiyar shinkafa da ɗan yatsa, yana haɗiyewa da ƙyar. Kwana biyu ya yi ya mutu.

Hankakin sun ga lokacin da ta ɗauke shi, ba su ga sauran ba. Washegari tana leƙowa suka sauko mata, ɗaya ya caki tsakiyar kanta har jini ya zubo. Ta ajiye shinkafa ta tafa hannu, suka jeru a kan wayar lantarki suna kuka, ba wanda ya sauko. Ta zauna da yunwa har rana ta take, tururuwa suka rufe abincin. Haka gobe, haka jibi. Ko ta sauya zane ta lulluɓe kai, suna gane ta cikin mata goma, su bi ta har bakin ruwa.

"Ki ci abinci," Anjalai ta ce mata. "Tsuntsu ne fa."

"Na sani. Amma shekara ashirin da shida mijina yana karɓa daga hannuna. Me zan ce masa yanzu?"

Ta daina zuwa shanya. Ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Anjalai ce ta kira Ilango, ɗan ƙanin Valliammai da ke tuƙin mota a Chennai.

"Attai, haɗa kayanki," ya ce wa gwaggon tasa da ya iso. "Ba zan bar ki tsuntsaye su kashe ki ba."

Ba ta yi musu ba. Ta ba Anjalai tabarmin shanyarta da wuƙar gyaran kifi, ta shiga mota da lema a buɗe har sai da aka rufe ƙofa.

Gidan Ilango hawa na bakwai ne, an rufe barandar da raga saboda tattabaru, ko hankaka ba ya iya shigowa. Matarsa ta riƙe ta da kyau. Valliammai takan gyara musu kifi in an sayo, tana mita wai na ƙanƙara ne, ba shi da ɗanɗano. Wata tara ta yi a can. Zazzaɓi ya kama ta a lokacin ruwan sama, ta rasu a kwana na biyar, Anjalai tana cikin motar haya a kan hanyar zuwa duba ta.